Yadda Yara Suka Kamo Manya A Wasan Shaɗaranji

Hausawa su kan ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A sha'anin zaman duniya wannan magana ba ta da shakka. Amma akwai wani fage guda inda yara suka daɗe suna ja da ita, watau fagen wasan nan da Larabawa ke kira shaɗaranji, Turawan Ingila kuwa su ce ces. A wannan wasa an sha ganin yaro ɗan shekara 12 ya zauna gaban mai furfura, wanda ya ƙare rayuwarsa cikin wasan, ya kada shi mutane na kallo. To, bari mu bi tarihin abin tun daga tushe, mu ga wane irin rimi ne yaran nan suka hau.

Yadda wasan ya ke

Shaɗaranji wasa ne na mutum biyu, a kan allo mai gida 64, takwas a tsaye takwas a kwance. Kowa yana da 'ya'ya 16, ɗaya farare ɗaya baƙaƙe, an jera su kamar rundunar yaƙi. Akwai sarki, da sarauniya, da hasumiya biyu, da giwa biyu, da doki biyu, sa'an nan dakaru takwas a sahun gaba. Kowane iri da irin tafiyarsa. Mai farare ke fara taku, sa'an nan a riƙa yi bi da bi. Wanda ya ritsa sarkin abokin wasansa har ya rasa mafita, shi ya ci.

Masana sun kasa wasan kashi uku, buɗi, da tsakiya, da ƙarshe. Buɗi shi ne taku goma ko goma sha biyar na farko, sa'ad da kowa ke fid da mayaƙansa daga gida yana ba su wurin tsayawa. Duk wanda ya taɓa zama a gindin dara ya san cewa tun wajen zuba 'ya'ya gwani ke cin wasansa, wanda ya yi zubin banza kuwa sai ya yini yana kare kai. Haka buɗi ya ke ga shaɗaranji. Sai dai hanyoyinsa suna da yawa ƙwarai. Mai farare yana da taku 20 da zai zaɓa daga ciki a karon farko, mai baƙaƙe ma 20, watau kafin kowa ya yi taku na biyu allo yana iya kasancewa cikin hali 400 dabam dabam. Daga nan kuwa lissafin sai ya gagari ƙidaya. Sabo da haka ba mai iya gane hanyoyin kirki duka da kansa, ko da Allah ya ba shi tsawon rai. Dole sai ya gaji abin da na gaba suka gano.

Daga Bagadaza zuwa Sifen

Asalin wasan daga ƙasar Indiya ya ke, wajen ƙarni na 6. Daga can ya shiga Farisa, da Musulmi suka ci Farisa a ƙarni na 7 sai ya bazu cikin ƙasashen Larabawa. A Bagadaza, zamanin halifofin Abbasiyawa, aka fara rubuta ilminsa. Wani gwani mai suna al-Adli ya wallafa littafi a kansa wajen shekara ta 840. Bayansa aka yi as-Suli, wanda ya yi wasa a fadar Halifa al-Muktafi, ya rasu wajen 946, da almajirinsa al-Lajlaj.

A wancan zamani wasan yana da nawa. Inda sarauniya ta ke yanzu waziri ne, ba ya wuce gida ɗaya a karkace. Giwa gida biyu kaɗai ta ke tsallakewa, dakare kuwa gida ɗaya. Sai a yi taku goma sha biyu ko fiye runduna ba ta taɓa runduna ba. Don haka kowa ya kan shirya sahunsa a tsanake, irin shirin da su ke kira ta'abiya, har suka sa wa kowane shiri suna, kamar Mujannah, watau mai fukafukai, da Sayyal, watau ambaliya. Waɗannan su ne kakannin buɗin da a ke koyo yau. Amma littattafan nan da hannu a ke kwafarsu, ba mai ganinsu sai na kusa da fada. Yaron talaka ba shi da hanyar kai wa gare su.

Ta ƙasar Andalus wasan ya shiga Turai. Wajen shekara ta 1475, a ƙasar Sifen, aka sake masa doka. Waziri ya zama sarauniya, aka ba ta ikon ratsa allo ta kowace fuska, giwa kuma aka sake ta ta yi tafiya mai nisa a karkace. Nan da nan wasan ya zama mai haɗari tun daga farkonsa. Har yau akwai wani tarko da a ke kama sababbin shiga da shi, inda sarauniya da giwa ke haɗuwa su auka wa dakaren da ke gefen sarki, wasa ya ƙare a taku na huɗu. Turawan Ingila suna kiransa kisan ɗalibi, don yawan yaran makaranta da ya ci.

Allah da ikonsa, wannan sauyi ya zo daidai da zuwan injin buga littattafai. A 1497 wani ɗalibi a birnin Salamanca, mai suna Lucena, ya buga littafi a kan sabuwar dokar, da bayanin waɗansu hanyoyin buɗi. A 1561 wani limamin coci, Ruy Lopez, ya buga nasa, har yanzu kuwa akwai buɗin da a ke kira da sunansa, manya da yara suna yinsa. Mutanen Italiya suka ɗora, musamman wani Greco, wanda ya rubuta gajerun wasanni wajen 1620 don nuna yadda a ke hukunta mai sakaci. A 1749 Philidor, mutumin Faransa wanda ya koyi wasan tun yana yaro cikin mawaƙan fadar sarki, ya fid da littafinsa bai ko kai shekara 25 ba. A 1843 kuma Jamusawa suka tara hanyoyin buɗi da aka sani cikin wani babban kundi a birnin Berlin. Kun ga rimi ya fara tsawo ke nan.

Yaran farko

Yaron da ya fara girgiza duniya shi ne Paul Morphy, wanda aka haifa a 1837 a birnin New Orleans ta Amurka. A gidansu ya koya, wajen kallon ubansa da kawunsa. A 1850, yana ɗan shekara 12, wani gwani mutumin Hangari mai suna Lowenthal ya biyo ta garinsu, aka haɗa su, yaro ya rinjaye shi. A 1857 ya ci babbar gasar Amurka ta farko, a 1858 ya ƙetare teku zuwa Turai, ya kada Anderssen na Jamus, wanda a ke gani ba kamarsa a lokacin. Cikin wasa 11 Morphy ya ci 7, aka ci shi 2, suka yi kunnen doki 2.

Asirin Morphy a buɗi ya ke. Mutanen zamaninsa su kan fito da mayaƙi biyu ko uku su ruga kai hari, sauran runduna na barci a gida. Shi kuwa kowane taku sai ya fid da sabon mayaƙi, ya kama tsakiyar allo, ya ɓoye sarkinsa, sa'an nan ya far. Ɓoye sarki wani taku ne da a ke yi sau ɗaya tak a wasa, sarki ya matsa gida biyu zuwa gefe, hasumiya ta tsallake shi ta tsaya kusa da shi, dakaru su zame masa ganuwa.

Akwai wasansa guda da har yau a ke fara koya wa yara. A birnin Paris aka yi shi cikin 1858, a gidan kallon waƙa, tsakaninsa da waɗansu manyan sarakai biyu da suka haɗa kai a kansa. Taku 17 kaɗai aka yi. Ya ba da doki, ya ba da hasumiya, a taku na 16 ya ba da sarauniya ɗungum, sa'an nan ya ritsa sarkinsu da hasumiya ɗaya da giwa ɗaya, iyakar manyan mayaƙan da suka rage masa ke nan. Da aka duba allo, sai ga giwarsu ɗaya da hasumiyarsu ɗaya suna nan inda aka jera su tun farko, ko motsi ba su yi ba. Mayaƙin da bai fito ba, da shi da babu duk ɗaya.

Amma kada a ce buɗi shi ne kome. A 1901, a birnin Havana ta ƙasar Kyuba, aka haɗa wani yaro mai suna Capablanca, wanda ke cika shekara 13 a lokacin, da Juan Corzo, zakaran ƙasar. Corzo ya san littattafan buɗi, yaron kuwa bai san su sosai ba, har aka ci shi wasa biyu na farko. Sai ya riƙa lallaɓawa yana tsallake farkon wasa da rai, in an kai ƙarshe, inda mayaƙa suka ragu, sai ya nuna gwanintarsa. Ya ci 4, aka ci shi 3, kunnen doki 6. Yaron nan shi ya zama zakaran duniya a 1921. Labarinsa ya nuna cewa buɗi ƙofa ce kawai, wanda ya shiga sai ya san abin da zai yi a cikin ɗaki.

Da hukuma ta sa hannu

Su Morphy da Capablanca baiwa ce ta faɗo a gidajen masu hali. Waɗanda suka mai da abin makaranta su ne mutanen Tarayyar Sobiyat, watau Rasha da ƙasashen da ke haɗe da ita a wancan zamani. A 1925 Capablanca ya je birnin Leningrad, ya yi wasa da mutane da yawa a lokaci guda, yana zagayawa daga allo zuwa allo. Cikin waɗanda suka kada shi har da wani ɗan makaranta mai shekara 14, Mikhail Botvinnik. Wannan yaro ya zama zakaran duniya a 1948.

Gwamnatinsu ta buɗe manyan gidaje a birane inda yara ke zuwa bayan an tashi daga makaranta, a koya musu sana'o'i da wasanni kyauta, da malamai masu albashi. A irin gidajen nan Spassky ya koya a Leningrad, Tal a Riga, Petrosian a Tbilisi, dukansu uku kuwa sun zama zakarun duniya. Botvinnik ya kawo wata al'ada, ya ce gwani ya shirya buɗinsa tun a gida kamar yadda manomi ke gyaran gona kafin ruwa ya sauka, ya san irin tsakiyar wasan da kowane buɗi ke haifarwa, ya kuma rubuta kurakuransa bayan kowace gasa. Daga 1963 ya fara tara zaɓaɓɓun yara yana koya musu. Karpov da Kasparov da Kramnik duk sun zauna gabansa.

Ƙungiyar shaɗaranji ta duniya, wadda aka kafa a Paris a 1924, ita ma ta ga ya kamata samari su sami fagensu. A 1951 aka yi gasar samarin duniya ta farko a Ingila, ta waɗanda ba su wuce shekara 20 ba, Ivkov na Yugoslabiya ya ci. Da fari bayan shekara biyu biyu a ke yi, daga baya aka koma kowace shekara. Spassky ya ci ta a 1955, Karpov a 1969, Kasparov a 1980, Anand na Indiya a 1987, kowannensu kuma daga bisani ya hau gadon zakaran duniya. A 2007 Ahmed Adly na Masar ya ci ta, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Sannu a hankali aka rarraba gasar yara bisa shekaru, tun daga 'yan ƙasa da 18 har zuwa 'yan ƙasa da 8, maza da mata.

Wasan yaro ɗan shekara 13

Duk da wannan shiri na Sobiyat, wasan yaro da ya fi kowane suna a Amurka aka yi shi. Ran 17 ga Oktoba, 1956, a birnin Niyu Yok, aka gayyaci Bobby Fischer, ɗan shekara 13, cikin gasar manya. Ya zauna da baƙaƙe gaban Donald Byrne, ɗaya daga cikin gwanayen ƙasar. Yaron ya zaɓi buɗin da a ke kira da sunan Grunfeld, mutumin Ostiriya wanda ya fito da shi a 1922. Dabarar wannan buɗi ita ce ka bar abokin wasa ya cika tsakiyar allo da dakarunsa, kai kuwa ka tsaya daga nesa kana harbinsu har su rushe.

Tun a taku na 4 Fischer ya ɓoye sarkinsa. Byrne kuwa kafin taku na 10 ya cika ya motsa sarauniyarsa sau uku, sarkinsa na nan tsaye a tsakiya. A taku na 11, maimakon ya fid da giwar da ke tare wa sarki hanyar ɓuya, sai ya sake motsa ɗaya giwar da ta riga ta fito. Kuskuren bai fi ƙwayar gero ba, amma yaron ya gan shi. Ya jefa dokinsa can gefen allo inda a ke iya cinsa a banza, Byrne ya duba ya ga in ya ci to tsakiyarsa ta watse, ya ƙi. A taku na 16 Byrne ya kai wa sarauniyar yaron hari. Kowa ya zaci zai janye ta. Sai ya ƙyale ta, ya matsar da giwa. Byrne ya ci sarauniya. Daga nan doki da giwa suka tasa sarkinsa gaba, suna kora suna tsintar mayaƙansa ɗaya ɗaya, har yaron ya karɓi hasumiya da giwa biyu da dakare a madadin sarauniyarsa. A taku na 41 sarkin Byrne ya rasa mafita.

Fischer bai ci gasar nan ba, ƙasa da tsakiya ma ya ƙare. Amma jaridun wasan suka buga wannan wasa ko'ina, har aka yi masa laƙabi da wasan ƙarni. Abin lura a nan shi ne, dokar da Byrne ya karya ita ce wadda Morphy ya nuna shekara ɗari kafin nan. Yaron kuwa ya san ta ne don ya karanta. Mayen karatu ne, har harshen Rasha ya koya gwargwadon da zai iya bin mujallunsu ya ga sababbin hanyoyin buɗi. Ya zama zakaran Amurka yana da shekara 14, ya sami darajar babban gwani a 1958 yana da 15, a 1972 kuma ya karɓe sarautar duniya daga hannun Spassky.

Zamanin kwamfuta

Bayan wannan sai ilmin buɗi ya yi ta haɓaka. A 1974 aka fara buga wani kundi a birnin Belgrade, wanda ya kasa buɗi duka kashi 500, kowane da lambarsa, don mai kowane harshe ya iya karantawa. Wajen ƙarshen shekarun 1980 aka fara zuba wasanni cikin kwamfuta, a 1997 kuma wani inji mai suna Deep Blue ya kada Kasparov. Abin da Fischer ya sha wahalar nema cikin tsofaffin mujallu, sai ga shi yaro na samu cikin ɗan lokaci kaɗan yana zaune a ɗakin uwarsa.

Ku dubi yadda shekarun samun darajar babban gwani suka riƙa sauka. Shekara 33 ba wanda ya karya abin da Fischer ya kafa, sai a 1991 wata yarinya 'yar Hangari, Judit Polgar, ta samu tana da shekara 15 da wata 4. Ita da yayyenta mata biyu ubansu ne ya koya musu a gida, da dubban wasannin da ya tara a rubuce. A 2002 Karjakin ya samu yana da shekara 12 da wata 7. A 2021 Abhimanyu Mishra na Amurka ya samu yana da 12 da wata 4.

Sai dai kowane amfani da nasa lahani. Yara da yawa suka koma karatun aku, su haddace taku 20 ba su san dalilin ko ɗaya ba, da zarar abokin wasa ya kauce daga abin da ke cikin littafi sai su yi tsuru tsuru. Fischer kansa abin ya dame shi, har a 1996 ya fito da wani sabon tsari inda a ke hargitsa jerin manyan mayaƙa kafin a fara, jeri 960 dabam dabam, don hadda ta rasa amfani.

Labarin Gukesh na Indiya ya isa misali. An haife shi a 2006 a birnin Chennai, garin su Anand. A shekarunsa na farko malaminsa ya nisanta shi da dogara ga injin lissafin wasa, don ya saba da tunani da kansa, duk da haka ya zama babban gwani a 2019 yana da shekara 12. A ƙarshen 2024, a Singafo, ya kara da Ding Liren na Sin a kan sarautar duniya. Ya zo da shirin buɗi mai yawa, amma aka ci shi a wasan farko. Suka yi ta ja har wasa na 14, wanda a can ƙarshensa, mayaƙa sun kusa ƙarewa, kowa na zaton kunnen doki, Ding ya yi kuskure da hasumiyarsa, yaron kuwa ya gani nan take. Ya ci sarautar yana da shekara 18, a ƙasar da wasan ya fito tun farko aka yi ta murna. Kafin wannan Kasparov ne ya fi ƙuruciya cikin waɗanda suka hau wannan gado ba gardama, da shekara 22, a 1985.

To, jama'a, kun ga rimin da yaran nan suka hau. Ba su fi al-Adli da as-Suli kaifin hankali ba, ba su kuma fi Morphy baiwa ba. Abin da ya faru shi ne, kowane gwani ya rubuta abin da ya hango kafin ya kau, na bayansa ya karanta ya ɗora nasa, har tsawon shekara dubu da ɗoriya. Ashe maganar Hausawa ba ta faɗi ba, gama idon manya ne yaran ke gani da shi. Da manyan nan sun tafi da saninsu cikin ƙirji, da kowane yaro sai ya koma ya faro daga kisan ɗalibi. Wanda duk Allah ya nufe shi da iya karatu da rubutu, ko da girma ya koya, ya sami tsanin hawa wannan rimi, ko a noma ne, ko a kiwo, ko a sana'a. Sauran aiki biyu gare shi. In ya karanta ya nemi dalili, kada ya tsaya ga hadda. Abin da ya sani kuma, wanda ba shi cikin littafin kowa, ya rubuta shi ya bar wa 'ya'yansa.